Kuɗin Sintiri Haraji Ne, Mu Kira Shi Da Sunansa

Shekara biyu ke nan littafin kuɗin sintiri na garinmu yana hannuna. Ba don na fi kowa amana aka ba ni shi ba. Ni kaɗai ne malamin firamare da ke kwana a gari, sauran daga Ringim suke zuwa a kan babur, ana tashi su juya. Littafin aji ne mai shuɗin bango, na ja masa layi da biro: sunan mai gida, unguwarsa, sai watanni goma sha biyu a jere. Kowace ƙofa naira 500 a wata. Haka aka yanke a gindin dalbejiyar ƙofar gidan dagaci, a makon da aka kwance shanun huɗa biyu a dare ɗaya, aka kuma sungume injin ban ruwa a fadama. Ranar kowa ransa a ɓace yake, da dubu biyu aka ce ma da an amsa da amin.

Wata rana cikin marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba, zagayen karɓa ya kai ni ƙofar wata gwaggona. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suna Legas suna acaɓa, sai sun samu suke aikowa. Ƙofar tata ma ta zana ce, da igiya ake ɗaure ta. Na yi sallama, muka gaisa, ta ga littafin a hammatata. Ba ta bari na buɗe baki ba, ta kwance bakin zaninta ta fito da naira ɗari uku duk sun nannaɗe.

"Ɗan nan, riƙe wannan, saura in na sayar da ƙuli. Amma don Allah in tambaye ka, ni me za su tsare mini? Akuya ɗaya ce da ni, ita ma na kai ta Gujungu tun kafin azumi."

Na ce, "Gwaggo, ai tsaron na gari ne baki ɗaya."

Ta ce, "To, Allah ya tsare garin."

Ban sami abin ƙarawa ba. Daga nan gidan wani Alhaji na nufa, mai injin casar shinkafa da kanti biyu da garken shanu a bayan gari. Matansa uku da 'ya'yansa huɗu masu aure duk ta ƙofa ɗaya suke shiga, ƙofar ƙarfe mai fenti. A littafina layi ɗaya gare shi, daidai da na Gwaggo. Ya zaro kuɗin wata uku daga aljihun gaba ko ƙirgawa bai yi ba, ya ce, "Malam, ka gaya wa yaran nan su riƙa zama ta wajen sito, akwai benci, kuma na sa a riƙa kai musu shayi." Can suke zama har yau. Wa zai ga laifinsu? Sanyin hunturu ba ya tambayar wanda ya biya.

Tun ranar nake juya maganar, kuma abin da na tsaya a kai shi ne wannan: abin da muke karɓa haraji ne. Muna kiransa taimako, muna kiransa gudummawa, wasu su ce kuɗin batir. Amma duk kuɗin da aka yanka wa kowa, aka sa masa rana, aka kuma tanadi abin da za a yi wa wanda bai biya ba, ko da kallon banza ne a masallaci, sunansa haraji. Kunyar faɗin sunan ce ta sa muka kwaso zaluncin haraji muka bar ƙa'idojinsa.

Na san dalilin kunyar. Kalmar tana da tabo a ƙasar nan. Mahaifina har ya rasu yana ba da labarin yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar gidan mai gari saboda kuɗin haraji, da yadda samari ke tafiya cin rani ba don komai ba sai don su samo shi. Kukan da jam'iyyar NEPU ta yi ta yi ke nan tun kafa ta a 1950, kuma shi ya sa da Abubakar Rimi ya hau mulkin tsohuwar Jihar Kano a 1979 ya soke haraji da jangali, talakawa suka ji kamar an sauke musu dutse daga ka. Lokacin mu ma Kano muke, sai 1991 aka yanke Jigawa. Wanda ya ga wancan zamani ba zai so ya ji an sake ambaton kalmar a ƙofar gidansa ba. Sai dai mu yi wa tarihi adalci: harajin En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan zamani, duk da muguntar karɓarsa, yana da rasit, kuma a ƙa'ida jimla ake yanka wa gari, mai gari da dattawa su raba ta gwargwadon ƙarfin kowa. Akwai ma lokacin da gona ake aunawa da taki, mai babbar gona ya biya da yawa. Ko an bi ƙa'idar ko an karya ta, wannan magana ce daban. Mu namu na yau ko ƙa'idar babu. Ƙofa muke ƙirgawa, ita kuwa ƙofa ba ta san abin da ke bayanta ba.

Kada wani ya ɗauka cewa nake a daina biya. Ina! Wanda duk ya taɓa tashi da asuba ya tarar da turke babu sa, ya san ba maganar wasa ake ba. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 214, rundunar 'yan sanda ɗaya tak ya yarda da ita a duk Najeriya, kuma ba ta isa ta kwana a kowane ƙauye ba. Daga garinmu zuwa caji ofis tafiya ce, in damina ta yi nisa ma sai an zagaya. Kafin a kira, a nemo mai, a iso, ɓarawo ya kai inda za shi. Mu dai har yanzu Allah ya rufa mana asiri, ɓarayinmu na shanu ne da babura da farantan sola. Amma muna jin ta'asar 'yan bindiga a Shanono da Tsanyawa na Jihar Kano da ke bakin iyakar Katsina, kuma babu wanda ya karɓo takardar cewa ba za ta iso shi ba. Gwamnatoci da kansu sun sallama cewa 'yan sanda ba su wadatar: Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawanta a farkon 2024. To mu da babu wanda ya kafa mana komai, dole mu tsare kanmu, kuma tsaro ba ya yiwuwa da fatar baki.

Ku duba ma abin da kuɗin ke yi. Ƙofa 180 ce a littafina. In kowa ya biya, abin da bai taɓa faruwa ba, naira 90,000 ke nan. 'Yan sintirinmu goma sha biyu ne, kowa 5,000 a wata, sauran ya tafi a batir da usur da man babur. Wato su goma sha biyun in ka haɗa abin da suke karɓa, bai kai mafi ƙarancin albashin mutum ɗaya ba, naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Mutum ya kwana a tsaye da gora da tocila, gari ya waye ya tafi gona. Kuɗin ya yi wa Gwaggo yawa, ya yi wa mai gadi kaɗan. In ka ga haka, ba adadin ne ya ɓaci ba, rabon ne.

Ba mu muka fara wannan dabara ba. A birnin Toronto na Kanada, a 1970, 'yan kasuwar wani layi suka gaji da yadda wasu ke ba da kuɗin gyaran layi wasu suna noƙewa alhali kowa na cin moriya. Suka nemi hukuma ta yi doka a riƙa karɓar wani ƙari daga duk mai shago a yankin, a mayar musu su gyara wurinsu. Kuma ba a raba shi daidai wa daida ba, gwargwadon darajar ginin mutum gwargwadon abin da zai biya. A jihar Luwiziyana ta Amurka kuwa, musamman birnin Niyu Olins, unguwannin zama ne ke yin haka don tsaro. Majalisar jiha ce ke yin dokar da ta shata iyakar unguwar, sannan mazauna su jefa ƙuri'a ko sun yarda a ɗora wa kowane fili kuɗi. In sun yarda, a haɗa shi da harajin gida na shekara, kwamitin mazauna ya ɗauki masu sintiri, galibi 'yan sandan da suka tashi daga aiki ko kamfanin gadi. Abu biyu ne suka fi burge ni a tsarin nasu. Kuɗin yana da wa'adi, in ya cika sai an sake komawa ga masu ƙuri'a, in suka ce a'a ya mutu. Kuma lissafinsa yana zuwa gaban mai binciken kuɗi na jiha. Ba na cewa tsarinsu ba shi da aibu. Su kansu suna ƙorafin cewa unguwar masu hali ta sayi ƙarin tsaro, ta marasa hali ta zauna da abin da ya samu, ɓarawo kuma ya san inda zai koma. A wurare da yawa ma kuɗin bai-ɗaya ne a kan kowane fili, kamar namu. Sai dai wannan yana da sauƙi a unguwar da gidajenta kusan ƙarfinsu ɗaya. A ƙauye, mai garke da mai akuya ɗaya katanga ce tsakaninsu.

Abin da zan kai gaban taro bayan kaka bai da wuya. A daina ƙirga ƙofa, a duba abin da ake tsarewa. A kasa gari kashi uku: masu garke da injina da kantuna da sito, masu gona da shanun huɗa da babur, sai waɗanda ba su da komai sai ransu, gwauraye mata da tsofaffi da masu jinya, su a cire su gaba ɗaya. Kuma a daina bin mutane wata-wata. Manomi sau ɗaya yake da kuɗi a shekara. A karɓa da kaka, wanda ya ga dama ya ba da hatsi, tiya kaza ko dami kaza, a zuba a rumbun kwamiti. Mai sintiri ma ya fi son a auna masa gero da marka a kan a miƙa masa dubu biyar.

Wani dattijo da na yi wa wannan magana ya yi dariya ya ce, "Malam, in ka ce a biya gwargwadon dukiya, gobe kowa zai wayi gari matalauci." Na ce masa, "Baba, a birni ne ake ɓoye dukiya, a banki take. A nan wa zai ɓoye saniya?" Kowa ya san damin da kowa ya ɗaure bana, yara ma sun sani, su suka kora amalanke. Da wannan sanin ake fitar da zakka, da shi ake yanka wa mutum abin da zai bayar in za a yi rufin masallaci, babu wanda ya taɓa cewa a raba kuɗin kwano daidai tsakanin Alhaji da almajiri. Sai a tsaro ne kawai muka ga dama muka zama masu daidaito.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma na yarda da rabinsa. Aka ce in Alhaji ya biya ninki goma, gobe zai ce 'yan sintiri nasa ne. Gaskiya ne, zai iya. Amma ai yanzu ma nasa ne, kuma da kofin shayi ya saye su. Gara ya biya abin da ya dace da shi a bainar jama'a, a rubuta inda za a zagaya da ƙarfe nawa, a manna a ƙofar dagaci, a wajen taro kuma kowane gida murya ɗaya komai yawan abin da ya bayar. Har da gidajen da mace ce a kansu. Gwaggo ta biya kuɗin nan shekara biyu, ba ta taɓa zama inda aka yanke shi ba, ba a ma taɓa aika mata ba.

Maganar littafi kuma, bari in fara da kaina. Wata bakwai na farko ban karanta wa kowa lissafi ba, don babu wanda ya tambaya. Kuɗi na fita da baki: a ba wane dubu uku na mai, a ba da dubu biyar an yi baƙi. Ban ce an ci ba, watakila duk gaskiya ne. Amma sai raɗe-raɗi ya fara yawo a majalisar mai shayi cewa malam ya sake tayar babur. Na ji zafi ƙwarai, tayar kuwa bashi na ci. Na roƙi liman ya ba ni minti biyar bayan sallar Juma'a, na miƙe na karanta shiga da fita. Sai zafin zuciya ya kwashe ni, na zarce na karanta sunayen waɗanda ba su biya ba. Har yau ina ganin wani magidanci a sahu na uku, wanda matarsa ta kwana biyu a asibiti, yadda ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Wannan kuskurena ne, kuma ban sake ba. Abin da jama'a ke da haƙƙin ji a fili shi ne inda kuɗinsu ya tafi, kwabo da kwabo, da sa hannun wanda ya karɓa. Bashin mutum kuwa tsakaninsa ne da mai unguwarsa. Kuma littafin kada ya wuce shekara ɗaya a hannun mutum ɗaya, ni ma nawa ya isa. Duk kaka a zauna a sake tambaya: a ci gaba ko a tsaya? Nawa? Su wa? In ba a zauna ba, kuɗin ya faɗi da kansa.

Akwai abin da ya fi kuɗi ci mini rai. Mutumin da ka ba gora da tocila ka ce ya tsare gari, in ba ka shata masa iyaka ba, da kansa zai zama ɗan sanda, ya zama alƙali, ya zama gidan yari. Bara da rani 'yan sintirinmu suka kama wani saurayi Bafulatani da misalin ƙarfe ɗayan dare yana ratsowa ta bayan makaranta. Kafin labari ya iso dagaci an ɗaure shi a jikin dalbejiya, an fasa masa baki. Da gari ya waye sai ga shi mai kemis ya zo nema, mahaifiyarsa ce ba lafiya a ruga. Aka ba shi haƙuri, aka saya masa magani daga kuɗin littafina, na rubuta "sauran kashe-kashen kuɗi" don kunya. A watan Maris na 2025 duk Arewa ta yi kuka kan mafarauta 16, akasarinsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ta Kano, da aka tare a Uromi ta Jihar Edo suna hanyar zuwa gida Sallah, aka kashe su. Waɗanda suka tare su ma 'yan sintirin Uromi ne, su ma cewa suka yi tsaro suke yi. Mun la'ance su, kuma sun cancanta. Amma tsakanin igiyar dalbejiyarmu da abin da ya faru can, tazarar ba ta kai yadda muke so mu ɗauka ba. Mutanen Zamfara za su ba ka labarin yadda ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da mutanen daji ta mayar da satar shanu yaƙi.

Ka san me ya sa aka ɗaure yaron nan? Don rugarsu ba ta cikin littafi. Shekara da shekaru suna zaune a bayan garinmu, nononsu muke sha, takin shanunsu ke gyara mana gona, amma ranar taro babu wanda ya tuna da arɗo. Wanda ba ya cikin masu biya, da dare sai ya koma cikin waɗanda ake zargi. Alhali in ana maganar asarar shanu, su suka fi kowa. A sa su a littafi, a ba arɗo kujera a kwamiti, a ɗauki samarinsu biyu cikin masu zagaye, su da suka san sawun dabba fiye da mu. Sannan a rubuta baƙi da fari: aikin ɗan sintiri ya hura usur, ya tare, ya miƙa wa dagaci, dagaci ya miƙa wa 'yan sanda kafin rana ta take. Wanda ya ɗaga hannu ya doki mutum, ya ajiye tocila.

A nan ne nake son hukuma ta shigo, amma da ƙafa ɗaya. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya sa ƙiyasta gidaje don karɓar kuɗi a kansu cikin ayyukan ƙaramar hukuma, bisa abin da majalisar jiha ta tsara, saboda haka ba baƙon abu ba ne a doka. Ba na roƙon ƙaramar hukuma ta karɓar mana kuɗin, don mun san abin da ya shiga sakatariya ba ya gane hanyar dawowa ƙauye. Abin da nake so ta yi dokar da za ta san da zaman irin wannan kwamiti, a yi rajistar sunayen 'yan sintiri a ofishin 'yan sanda, a koya musu iyakarsu, a turo mai duba littafi sau ɗaya a shekara. Kuma kada biyanmu ya zame mata hutu. Tun 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Jigawa tana da 27, Kano 44. In mu mun iya ciyar da mutum goma sha biyu daga ƙuli da gero, shugaban ƙaramar hukuma ba shi da bakin cewa fitilar sola a mararraba ta fi ƙarfinsa.

Samarinmu masu zumuɗi har sun fara cewa a ƙara kuɗin a haɗa da gyaran tuƙa-tuƙa da kwalbatin da ambaliyar 2022 ta cinye. Niyyarsu mai kyau ce, ni ma ƙafata ta gaji da laka. Amma na ce musu su dakata. Yashe magudana aikin gayya ne, kakanninmu ba su taɓa yanka masa kuɗi ba. Sauran kuma sai mun ga rabon farko ya daidaita, don duk abin da aka ɗora a kan ƙofa yanzu, a wuyan masu ƙofar zana zai sauka.

Dagaci ya ce a bari a gama shigar da gero a zauna. Na gaya masa, ranka ya daɗe, ranar zan zo da littafin in ajiye a gabanka, da takarda ɗaya ta abin da na lissafa a nan. Na san Alhaji ba zai so ba, na kuma san akwai waɗanda abincinsu a injinsa yake, ba za su ɗaga hannu yana kallo ba. Layin Gwaggo dai tun watan Agusta ni nake cike shi daga aljihuna, ita tana zaton an yafe mata ne. Na ƙirga jiya da dare, akwai layi goma sha ɗaya irin nata, albashina kuwa bai kai can ba.